Tambaya da amsa: Za a iya koyon jifan fatsa a gida, inda ba ruwa?

Tambaya: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Na sayi sandar kamun kifi irin mai ril, wato abin naɗe zaren nan da yake rataye a ƙasan sanda, da kifayen ƙarya masu ƙugiya da ake yaudarar kifi dasu guda biyar, amma ruwa yayi min nisa, sai inyi wata guda ban je ba. Duk zuwan da nayi rabin lokacin a warware zare yake ƙarewa, in na jefa ko ya faɗi a gabana ko ya tashi sama ko ya maƙale a reshe, har na rasa guda biyu. Wani yace min in dinga gwadawa a gida. Don Allah da gaske yana da amfani ko ɓata zare ne kawai? Kuma yaya mutum zai koyi wasa da kifin ƙarya inda ba ruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wanda ya baka shawarar nan gaskiya ya gaya maka, yana da amfani kuma ba kaɗan ba. Duba abubuwan da ka lissafa, faɗuwa a gabanka, tashi sama, maƙalewa a reshe, babu ko ɗaya da ruwa ya jawo, duk daga hannu suke, kuma hannun nan dai shi ne kake tare dashi a gida. A bakin ruwa hankalinka na kan kifi, kana sauri, kana jin haushin zare, ba ka da natsuwar da zaka lura da abinda yatsanka yake yi. A gida kuwa ba abinda ke gabanka sai jifan.

Har wasa ne mai zaman kansa fa, ana gasarsa a kan ciyawa ba ko ɗigon ruwa. Akwai ƙungiyar duniya ta wasan, ICSF, tun 1955 aka kafa ta, kuma a ɗaya daga cikin gasanninsu shimfiɗa ƙyalle ake yi a ƙasa mai da'ira biyar ɗaya cikin ɗaya, ta tsakiya faɗinta santimita 75, ta waje mita 3.15, maki 10 a tsakiya yana raguwa har zuwa 2 a waje. Abin jifan giram 7.5 ne kacal, kuma mutum zai tsaya a wurare biyar daga mita 10 zuwa 18, wani wurin ta ƙasa zai jefa, wani ta dama, wani ta saman kai, wani ta hagu. Na kawo maka wannan ne don ka ga nisan da gwanaye suke aiki a kai, mita 10 zuwa 18, ba wai can ƙarshen duniya ba. Mu tafi a haka.

Abu na farko, kuma wannan ba na sassauci a kansa, ƙugiya bata shiga atisayen gida. Ko ɗaya. Kifin ƙarya mai ƙugiya uku-uku in ya kama reshe ko igiyar shanya ka fizgo, zaren nailan yana miƙewa kamar roba, sai ya sako ya dawo maka kai tsaye a fuska, ga yara ga dabbobi da suke bin duk abinda ke motsi a ƙasa. Akwai ɗan abin atisaye na roba da ake yi musamman, mai siffar ƙwai dogo, yana zuwa da nauyi kamar giram 7, 10, 14 ko 18, in ka samu shi ya fi. In baka samu ba ka haɗa naka, ɗan noti ko ɗan darma ka naɗe shi da tsumma ka bi da salatif har yayi laushi ta ko'ina, ka bar ɗan madauki na ɗaure zare. Wata dabarar kuma, ƙaramar kwalbar roba mai murfi ka zuba ruwa, tunda mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne, kaga kana iya ƙara nauyi ko ragewa yadda kake so. Wasu suna cire ƙugiyoyin tsohon kifin ƙarya suyi dashi, ba laifi in a kan ciyawa ne, amma a siminti fentin zai kankare kuma ɗan leɓen gabansa da ke sa shi nutsewa zai iya karyewa, don haka kada ka yi da sababbin naka uku da suka rage.

Nauyin yana da muhimmanci fiye da yadda mutane suke ɗauka. Duba jikin sandarka dab da mariƙi zaka ga rubutu, misali 7-21g, wannan shi ne nauyin da aka ƙera sandar ta jefa. Ka zaɓi wani abu a tsakiya, kuma ya zama kusa da nauyin kifin ƙaryar da ka fi amfani dashi. In ka koya da giram 25 sannan kaje ruwa da mai giram 8, hannunka zai riƙa saki a lokacin da ya saba kuma lokacin ba zai yi daidai ba.

Wurin ma ka duba shi da kyau, musamman sama. Yawancin sandunan yanzu da kabon ake yinsu kuma kabon yana ɗaukar wutar lantarki, babbar waya ma ba sai ka taɓa ta ba, kusantarta kaɗai ya isa wuta tayi tsalle, mutane sun mutu ta haka. Duk inda waya ta ratsa ta sama ka bar wurin, haka in hadari ya haɗo ana walƙiya ka ajiye sanda. Ka duba bayanka kafin kowane jifa, kowane ɗaya, domin ɗabi'ar da kake so ta bi ka ruwa kenan ranar da ƙugiya na gaske ke lilo a bayanka. Ka sa tabarau. Ciyawa ko ƙasa mai laushi ta fi siminti da tsakuwa saboda zare, zan dawo kan wannan.

To yanzu jifan kansa. Riƙe sandar yadda ƙafar ril zata fito tsakanin yatsan tsakiya da na kusa da ƙaramin, babban yatsa a saman mariƙi. Bar abin jifan ya sauko kamar santimita 20 zuwa 30 daga bakin sanda. Juya ril har ɗan gargaren da zare ke bi ta kansa ya zo sama daidai ƙarƙashin manuniyarka, ka ɗauki zaren da kan yatsan, can wajen tsokar ƙarshe, kada ka bari ya shiga lanƙwasar gaɓa don in ya shiga nan ba ya fita da wuri, kuma ba sai ka matse shi jikin sanda ba, rataye shi kawai. Sai ka buɗe wayar ril, wato lanƙwasasshen ƙarfen nan da ke tare zare, da ɗaya hannun.

Nan ne gaba ɗaya maganar take, lokacin saki. Abin da ka jefa yana tafiya ne ta inda bakin sanda ya nufa a daidai lokacin da yatsanka ya bar zare. In ka saki da wuri, sanda tana tsaye ko bata gama wuce kanka ba, sai ya tashi sama ya faɗo kusa. In ka makara, sanda ta riga ta sunkuya, sai ya daki ƙasa a gabanka. Kaga matsalolinka biyu na farko ashe abu ɗaya ne, ɗaya gaggawa ɗaya jinkiri, kuma tsakaninsu ko ƙiftawar ido bai kai ba, shi yasa bayani ba ya koyar dashi sai maimaici. Abinda nake sa masu koyo suyi shi ne su yi kuskuren da gangan. Jefa biyar ka saki da wuri kana sane, ka ga yadda yake hawa sama. Jefa biyar ka makara kana sane, ka ji ya buga ƙasa. Sannan ka nemi tsakiya. Hannun da ya san iyakokin biyu ya fi saurin gano tsakiya a kan wanda yake ta neman daidai tun farko bai san ta ina yake kaucewa ba. In kana son ma'auni, ka ɗauka kana tsaye a tsakiyar agogon bango, saman kanka 12, gabanka wajen 10, bayanka wajen 2. Sanda ta koma baya zuwa 2, ta dawo gaba ta tsaya cak a wajen 10, sakin yana faruwa tana wuce kanka kaɗan, wajen 11. Amma kada ka riƙe lambobin nan kamar karatu, sanda mai laushi tana son saki daban da mai tauri, inda abin ya faɗi shi zai gaya maka gaskiya.

Kuma don Allah ka rage ƙarfi. Kusan duk sabon mai koyo da na tsaya a kansa da kafaɗa yake jifa kamar mai jifan dutse, alhali sandar ce ya kamata tayi aikin. In ka kai ta baya da ɗan kuzari nauyin abin jifan zai lanƙwasa ta, ka dawo gaba ba tare da ka tsaya jira ba, lanƙwasar nan in ta miƙe ita ke harba shi. Gwiwar hannu kusa da jiki, wuyan hannu da damtse suyi motsin. In kana so ka tabbatar ka saƙala jarida ko hula a hammata ka jefa mita 10, in ta faɗi to kafaɗa ta shigo. In sandar doguwa ce mai dogon mariƙi ka sa hannu biyu, na sama ya tura na ƙasa ya jawo gindin sanda zuwa cikinka. Ka jingina wayarka a gefe ta ɗauke ka bidiyo, ka kalla a hankali, zaka ga abinda kake yi ya bambanta da abinda kake jin kana yi.

Abu na biyu da atisayen gida yake koyarwa, wanda a wurina ya kusa fin sakin ma, shi ne tsayar da jifa a sama. Bayan ka saki zare manuniyarka bata gama aiki ba, ka sauke ta kusa da bakin kwarkwaron da zare ke warwarowa daga kai, yadda zaren zai riƙa ɗan shafar yatsan yana fita. In ka matso da ita gudun ya ragu, in ka ɗora ta a bakin kwarkwaron ya tsaya. Da wannan ne gwani yake jefa abu ya ɗan wuce inda yake hari sannan ya rage masa gudu ya sauka a hankali daidai wurin, ba tare da ya fantsama ruwa ya kori kifi ba. Da wannan ne kuma zaka ceci kifin ƙaryarka in ka ga ya nufi reshe, maimakon ka tsaya kana kallonsa yana shiga. Biyun nan da ka rasa, da yatsan nan ya saba da watakila suna nan. Gwada haka, ja layi a ƙasa a mita 12, ka jefa da ƙarfin da zai kai mita 15, aikinka kawai kada ya tsallake layin. Da farko zaka riƙa tsayar dashi da ƙarfi ya fizgo baya, a hankali zaka iya sa shi ya sauka kamar an ajiye shi da hannu.

Wajen saiti ka fara da abu babba a kusa. Tsohuwar taya ko baho a mita 8, sai ka iya saka bakwai cikin goma sannan ka matsa baya taku biyu ko ka canza zuwa bokiti. Idonka a kan bahon, ba kan sanda ba, kuma ka tsayar da ido a wuri ɗaya ƙarami a cikinsa. Da ka fara samu kada ka tsaya wuri ɗaya kana ta maimaita nisa ɗaya, wannan yaudarar kai ce, a ruwa ba jifa biyu da suke zama iri ɗaya. Ajiye abubuwa uku a nisa daban-daban ka riƙa zagaya su, wannan sau ɗaya wancan sau ɗaya. Minti 15 kullum ya fi awa uku rana ɗaya, in hannu ya gaji kuskure kake koya masa. Ranar da ake iska kada ka fasa, ka jefa da ita a bayanka, a gefenka, a gabanka, zaka gane da kanka cewa in tana gabanka dole jifan yayi ƙasa-ƙasa.

Maganar reshe kuma, kifi yana son inuwa da ƙarƙashin itace, don haka guje wa reshe gaba ɗaya ba mafita bace, koyon shiga ƙarƙashinsa ne mafita, kuma jifan saman kai ba zai taɓa shiga ba. Ɗaura igiya tsakanin kujeru biyu ko ka ajiye tebur, ka sa faranti a bayansa, ka koyi jifan gefe, sanda a kwance daidai ƙugu. Dokar saki ɗaya ce sai dai ta kwanta, in da dama kake jifa sakin wuri zai kai shi dama, jinkiri ya kai shi hagu. Ka koyi ta ɗaya gefen ma, wato hannunka ya ƙetara gabanka ya jefo daga hagu, don wataran itace ko mutum zai tsaya maka a dama. Sannan akwai jifan lilo ta ƙasa na kusa, wanda ni shi na fi so a koya a gida saboda ko cikin ɗaki ana yinsa in rufin yana da ɗan tsayi. Ka saki zare har abin jifan ya sauko daidai ril, ka riƙe shi da hannun hagu, bakin sanda ƙasa, sai ka sake shi kana ɗaga bakin sandar a hankali, zai yi lilo gaba dab da ƙasa, yana kaiwa ƙarshen lilon ka saki zare. Ba ƙarfi ko kaɗan. Kofi a mita 5 ya ishe ka aikin sati guda, kuma ranar da ka fara jin ƙarar faɗawarsa cikin kofin sau uku a jere zaka ji daɗin da ban iya kwatanta maka ba.

Yanzu cukurkuɗewar zare da ke cinye maka rabin lokaci. A irin ril ɗinka yawanci abu uku ne. Ko an cika kwarkwaron ya wuce kima, ya kamata a bar kamar milimita 2 zuwa 3 tsakanin zare da bakinsa. Ko kana rufe wayar ril ta hanyar juya hannun ril ɗin, wanda ke barin ɗan madauki sako-sako a kan kwarkwaro, sai jifa na gaba ya kwaso shi da tarin zare. Saba rufewa da hannunka, ka ɗan ja zaren ya miƙe sannan ka fara naɗewa, ka maimaita wannan a gida har ya zama baka ma san kana yi ba. Ko kuma kana juya hannun ril alhali dirag, abin da ke barin zare ya zame in ja yayi yawa, yana sakin zare, wato lokacin da abu ya riƙe kana jin ƙirrr, duk juyi ɗaya a lokacin murɗa zaren kake. Akwai kuma wani abu da ya shafi atisayen gida musamman, a ruwa kifin ƙarya yana jan zare don haka yana naɗuwa a matse, a ƙasa kuwa abin yana tsalle-tsalle, zare ya miƙe ya saki, sai ya naɗu sako-sako. Maganinsa ka riƙe zaren tsakanin yatsu biyu a gaban ril kana naɗewa. In baka yi haka ba zaka ce atisayen ne ya ƙara lalata maka zare, alhali wannan ɗan abun ne.

Bari in ɗan ratse saboda masu ril na saman sanda, wanda kwarkwaronsa ke juyawa da kansa, tunda na san zasu karanta. Ku atisayen gida wajibi ne a kanku. Cukurkuɗewarku tana zuwa ne in kwarkwaro yana juyi fiye da saurin da zare ke fita, ko a farkon jifa saboda fizga, ko a tsakiya in iska ta tare abin, ko a ƙarshe in ya sauka babban yatsa bai tsayar ba. Ɗaga sanda, danna makunnin saki, ka daidaita ɗan murfin da ke gefen hannun ril har abin ya riƙa saukowa a hankali kuma yana taɓa ƙasa kwarkwaron ya tsaya. Birkin ril, mai rage gudun kwarkwaro, ka kai shi sama sosai, kana sabawa kana ragewa kaɗan-kaɗan. Sannan dabarar da ke ceton zare, jawo zare tsawon jifanka ka ƙara kamar mita 10, ka manna salatif a kan sauran da ke kwarkwaron, ka naɗe, duk cakuɗewar da zata faru ba zata wuce salatif ɗin ba. Kana zaune ma kana iya horar da babban yatsa, ka saki abin ya faɗo ka tsayar dashi kafin ya taɓa ƙasa, sau ɗari.

Sai rabin tambayarka na biyu, wasa da kifin ƙarya. Nan gaskiya iyaka gareshi. Rawar da yake yi, girgizar leɓensa, yadda mai yawo a saman ruwa yake karkata dama da hagu, duk ruwa ne ke haifar dasu, ja shi a kan ciyawa ba zai nuna maka komai ba. Abinda zaka iya koya a gida shi ne ɓangarenka na aikin. Fara da sanin ril ɗinka, lambar da ke jikinsa kamar 5.2:1 tana nufin duk juyin hannun ril ɗaya, ɓangaren da ke naɗe zare yana zagaya kwarkwaro sau 5.2, amma abinda ya fi maka amfani shi ne santimita nawa yake jawowa. Sa alama a zare daidai bakin sanda, juya hannu sau ɗaya cif, ka sake sa alama, ka jawo ka auna. Daga nan in ance ja a hankali ka san me kake yi, ba zato ba. Sannan ka koyi kiɗan hannu, fizga biyu gajeru da wuyan hannu, tsayawa ka ƙirga uku, naɗe rarar zare, maimaita. Wahalar ita ce hannu biyu suna aiki daban, ɗaya yana fizga ɗaya yana kwashe rara kawai ba tare da ya ja abin ba, kuma bayan kowace fizga bakin sanda ya ɗan koma ya ba zare sassauci, don sassaucin nan ne yake ba kifin ƙarya damar juyawa a ruwa. Tsayawar ma ka koye ta da gaske, sababbi basa iya haƙurin daƙiƙa uku, kuma sau da yawa a tsayawar kifi yake kamawa.

Wani atisayen da nake ganin mutane sun raina shi ne na ji. Ɗaura darma kaɗai, ka jefa ya ratsa wurare daban-daban, yashi, tsakuwa, ciyawa, kan katako, ka rufe ido ka jawo shi a hankali da sanda ba da ril ba, ka yi ƙoƙarin faɗin abinda yake bi ta kai. Tsakuwa tana zuwa hannu ƙas-ƙas, yashi sumul da ɗan nauyi, ciyawa kamar an riƙe an saki. Ƙasan ruwa haka yake magana, kuma mai kamun kifi a ƙasa da wannan yake gani. In ka samu wanda zai taya ka, ya tsaya can ya riƙe abin atisayen na roba, kai ka juya baya ko ka rufe ido, wani lokaci ya ɗan ƙwanƙwasa zaren da yatsa, wani lokaci ya ja a hankali, wani lokaci ya tako gabanka zaren ya saki gaba ɗaya, wanda shi ma kamu ne, kifi ya ɗauka ya nufo ka. Kai dai ka ce "yanzu" in ka ji, kada ka fizga da mutum a gabanka.

Ruwa kaɗan ma yana aiki. Cika durom ko babban baho, ka saki kifayen ƙaryarka ɗaya bayan ɗaya ka kalla, wanne ke yawo a sama, wanne ke nutsewa, da kai yake sauka ko a kwance, yana kaɗawa yana sauka ko faɗuwa yake kamar dutse. Auna zurfin durom ɗin ka ƙirga daƙiƙa nawa yake ɗauka ya kai ƙasa, ka riƙe lissafin, a ruwa in kana so ya kai zurfin mita 2 ka san ƙirga nawa zaka yi kafin ka fara ja. In kana da irin na roba mai laushi da ake sokawa a ƙugiya, nan zaka ga ko ka soka shi a miƙe, wanda ya karkace juyawa yake kamar farfela yana murɗa maka zare.

Ƙulli kuma a zaune ake koyonsa. Zaɓi ɗaya, Palomar yana da sauƙi kuma yana da ƙarfi, ka fara da igiya mai kauri da zoben makulli har hannu ya gane, sannan ka koma zaren gaske, ka jiƙa shi kafin ka matse don zafin gogayya yana raunana nailan. Ka kai matsayin da zaka ɗaura shi cikin duhu. Dirag ma a gida ake saita shi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren, wato zare mai kilo 4 ya fara saki a wajen kilo 1 zuwa 1.3. Gorar ruwa mai lita ɗaya kilo ɗaya ce, ɗaura ta a zaren kai tsaye daga ril ba ta cikin zobban sanda ba, ka ɗaga, ka daidaita har zaren ya fara zamewa a hankali, sannan ka ja da hannu ka haddace yadda nauyin yake.

Ranar da zaka koma ruwa, ka bi mita biyun ƙarshe na zaren da yatsu, duk inda ka ji kaushi ka yanke daga can, ni ko ban ji ba ina yankewa in a ƙasa mai tauri nayi atisaye, kuma in kana da kwarkwaro na biyu ka ware shi da tsohon zare don gida kawai. Zura auduga cikin zobban sanda musamman na baki, in ta maƙale akwai tsagewa kuma zata ci maka zare. Sannan ka sani abin atisaye yana ratsa iska fiye da yawancin kifayen ƙarya, masu leɓe da masu ɗan fallen ƙarfe suna kama iska su rage gudu, don haka jifa goman farko ka yi su a fili inda ba itace, ka bar hannu ya ɗan gyara lokacin saki, kafin ka matsa wajen reshen nan da ya cinye maka biyu.